Idan mota ta buge ka a kan mashin, ga yadda za ka bi haƙƙinka

Shekara biyu ke nan da wata mota ta ɗebi ƙanina a kan mashin ɗinsa, da la'asar sakaliya, yana dawowa daga kasuwa da katan biyu na taliya ɗaure a baya. Mai motar daga lungu ya fito bai tsaya ya duba titi ba, ya daki tayar baya, yaron ya yi sama ya faɗo a kan kafaɗa. Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, wannan ya ɗaga mashin, wancan yana tsince taliya, wani dattijo yana ta faɗin tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, a yi haƙuri. Mai mota ya zaro dubu biyar ya ce a sayi magani, ƙanina ya juya hannu ya ji yana motsi, sai ya ce ba komai Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Shikenan kowa ya kama gabansa. Cikin dare kafaɗa ta kumbura ko juyi ba ya iyawa, da safe muka je aka yi hoto aka ga karaya. Wata uku bai hau mashin ba, ga mata ga yara biyu, kuma duk taron nan da aka yi babu mutum ɗaya da ya riƙe lambar motar, abin da kowa ya tuna kawai wai fara ce.

Tun daga ranar na sa kaina bin wannan magana, na tambayi lauyoyi na tambayi malamai, na zauna da 'yan uwa masu mashin da abin ya taɓa faɗa musu. Ni ban ce kar a yafe ba, yafiya abu ne mai lada kuma haƙƙinka ne ka yi. Amma ka san abin da kake yafewa tukunna. Mutumin da ke zaune a bakin kwalta jikinsa da ɗumi, kansa na juyawa, bai ma san ko ƙashinsa ya tsage ba, wallahi ba lokacin yanke hukunci ba ne, ko na yafiya ko na cewa ni ne da laifi.

To bari mu fara daga wajen da abin ya faru. Rai ne a gaba da komai. In akwai wanda ya bugu a ka ko a wuya ko a baya kar a ciccibe shi kamar buhu, kar a ɗura masa ruwa in ba ya cikin hayyacinsa, a kira 122 lambar 'yan rod sefti ce kuma kyauta ce, ko 112 ta gaggawa. Kuma a daina tsayawa wai sai an samo takardar 'yan sanda kafin a nufi asibiti. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, har da tara da ɗauri ga wanda ya ƙi. A fara ceto, takarda ta biyo baya.

In kana iya tsayuwa, ko kana da wani naka a wajen, waya za a ciro kafin a matsar da komai. Abu na farko lambar motar, a ɗauke ta a hoto gaba da baya, in ba caji a rubuta ko a tafin hannu ne. Sai hoton yadda mota da mashin suka tsaya daga ɗan nesa yadda za a ga titin da kwanar da lungun, sannan a matso a ɗauki inda ya lotsa a jikin motar da inda ya lotsa a mashin, da sawun birki a kwalta in akwai, da fasassun gilasai inda suka zube, don inda tarkace ya zube yawanci nan ne aka haɗu, kuma shi ne abin da mutane ke fara sharewa da ƙafa. Bidiyon minti ɗaya kana zagayawa ya fi dogon bayani. Ka karɓi lambar wayar direban ka kira a gabansa ka ji ta yi ƙara a aljihunsa, ka tambaya motar tasa ce ko ta wani ce ko ta kamfani, wannan tambayar za ta yi maka rana nan gaba. Shaidu kuma kar ka dogara da 'yan kallo masu wucewa, nemi mai shago, mai shayi, mai faci, mai POS, wanda gobe in ka dawo za ka same shi a wajen. Ka ɗaga kai ka duba ko akwai kyamara a gidan mai ko banki ko wani kanti kusa, ka je ka roƙa da wuri don ba su daɗewa suke gogewa.

Dan Allah kuma a bar dukan direba. Da zarar an taɓa shi ko an fasa masa gilashi magana ta juya, kai da aka buge ka koma wanda ake tuhuma, kuma tsoron wannan dukan ne ke sa da yawa su taka mota su gudu su bar mutum a kwance. Kai ma direba in ka ga taro ya fara zafi har kana tsoron ranka, ka wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa ka kai kanka, kar ka tafi gida.

Asibiti za ka je ranar, ko da kana jin garau. Buguwar ciki da ta kai ba sa nuna kansu nan take, amai ko jiri ko yawan barci ko ciwon kai mai ƙaruwa bayan faɗuwa ba abin jira ba ne. Ka gaya wa likita cewa hatsarin mashin ne don ya shiga fayil da kwanan wata. Na san da yawanmu wajen mai ɗori muka fi sakin jiki, ba zan yi musu da kowa a kan wannan ba, amma ka yi hoton ƙashi tukunna, don mai ɗori ba ya ba da rasit ba ya rubuta rahoto, ranar da za ka tsaya gaban kamfanin inshora ko alƙali ba ka da abin nunawa sai bakinka. Karaya mai rauni a buɗe ko ta kusa da gaɓa kuwa asibitin ƙashi irin na Dala ya kamata a nufa. Ka samu leda ɗaya ka dinga zuba komai a ciki: kati, rasit ɗin hoto, na magani, na ɗinki, na gado, har kuɗin adaidaita na zuwa da dawowa ka dinga rubutawa a littafi da kwanan wata. In an sallame ka ka nemi rahoton likita mai hatimin asibiti.

Sai 'yan sanda. Mutane na gudun wannan saboda tsoron a riƙe mashin a yi ta kai da kawowa, kuma na fahimta. In ƙaramar gogayya ce, madubi ya fashe ko fitila, ba wanda ya ji ciwo, ku daidaita a wajen ba laifi. Amma in akwai karaya ko jini mai yawa ko rasa rai, a kai rahoto sashen kula da hatsarin mota, wanda ake ce wa MTD. Su ne za su zo su auna su zana taswirar wajen, su ɗauki jawabin kowa, VIO kuma ya duba lafiyar motar da mashin ɗin, birki da taya da fitilu. Wajen ba da jawabi ka faɗi abin da ka gani kawai, daga ina ka taho, ina za ka, ta ina aka buge ka. Abin da ba ka tuna ba ka ce ban tuna ba. In wani ne ya rubuta maka sai an karanta maka ka gane kafin ka sa hannu, haka taswirar ma ka dube ta da kyau, in an zana mashin ɗinka a inda ba nan yake ba ka yi magana a lokacin. Daga baya ka nemi kwafin rahoton.

Yanzu maganar waye da laifi. Akwai wani tunani da ya zauna a kan titinmu, wasu na ganin babba shi ne da laifi kullum, wato mota ta biya mashin, mashin ya biya keke, wasu kuma na ganin ai ɗan mashin ba ya taɓa gaskiya. Doka ba haka take kallo ba, sakaci take nema, wa ya ƙi yin abin da mai hankali zai yi a wajen. Wanda ya fito daga lungu ko gidan mai zai hau babban titi shi ne zai jira. Wanda ya daki wani ta baya yawanci shi ake fara tuhuma don bai bar tazara ba. Wanda ke cikin shataletale shi ke da hanya a kan mai shigowa. Wanda ya karya kwana ba sigina, wanda ya buɗe ƙofa bai duba madubi ba, wanda ya tsallake danja, wanda yake latsa waya, duk a fili suke. Mu ma masu mashin mu faɗa wa kanmu gaskiya, bin hannun da ba naka ba don rage hanya, kutsawa ta dama tsakanin tirela da kwalbati, tafiyar dare ba fitilar baya, goyon mutum uku, duk za a lissafa maka su.

Kuma laifi yana rabuwa, wannan ne da yawa ba su sani ba. Don kana da naka kuskuren ba shi ke nan haƙƙinka ya faɗi gaba ɗaya ba, kotu kan raba ne. Misali a ce asararka ta kai miliyan 1, alƙali ya ga kashi 30 cikin ɗari na sakacin naka ne, sai a ba ka dubu 700. Rashin hular kwano ba shi ya jawo motar ta buge ka ba, amma in a ka ka ji ciwo za a iya cewa da ka sa da raunin bai kai haka ba, a rage maka, kuma tun farkon 2009 aka fara tilasta sa ta. Lasisin mashin aji A ne, ka yi shi, ka yi wa mashin lamba da takardu. A inda aka hana acaɓa, kamar cikin birnin Kano tun 2013, in da fasinja aka same ka ka san ka ba abokin shari'arka abin riƙewa.

Wa zai biya? Ba lallai direban kaɗai ba. In yaron mota ne ko direban kamfani yana kan aikin maigidansa, maigidan ma yana ciki, kuma shi ne mai abin biyan, shi ya sa na ce ka tambaya motar ta waye. Sannan ga inshora, wadda yawancinmu muka ɗauke ta takardar nuna wa jami'ai a hanya kawai. Wannan ƙaramar inshorar ta dole da ke cikin takardun kowace mota, amfaninta ke nan, ta biya wanda aka buge. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiya har miliyan 3. Ta adaidaita 5,000 ce tana ɗaukar miliyan 2, ta mashin 3,000 tana ɗaukar miliyan 1. Wannan iyakar ta dukiya ce, rauni da rasa rai lissafinsu daban. Ka lura, taka ta dubu uku ba za ta gyara maka naka mashin ba, wanda kai ka buge take biya, amma ranar da ka gogi motar miliyoyi za ka gode wa Allah da ka yi ta.

Matsalar ita ce jabu ta yi yawa, mutum ya ba wani ɗan tsakani kuɗi a haɗo masa takardu bai san ta bogi aka sa masa ba. Ka danna *565*11# a wayarka ka sa lambar motar, zai nuna maka ko tana cikin rumbun bayanan kamfanonin inshora da sunan kamfanin. Ka gwada da naka mashin ɗin ma yau. In ta gaske ce, mai motar ne zai sanar da kamfaninsa, kai ma ka rubuta musu takarda da wuri ka kai ofishinsu a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Za su nemi rahoton 'yan sanda, hotuna, rahoton likita, rasitai, da kiyasin gyara daga bakanike a rubuce. Kar ka gyara mashin kafin su gani ko su ce ka gyara, in kuma dole ce don da shi ake cin abinci to ka ɗauki hoton komai ka ajiye kayan da aka cire. In suka yi ta ja maka rai, NAICOM na da sashen karɓar ƙorafi. In kuma jabu ce, haƙƙinka na nan a wuyan direba da mai motar, daga aljihunsu.

Gaskiya mafi yawan irin wannan magana a wajenmu a zaure take ƙarewa, gaban mai unguwa ko liman ko shugabannin ƙungiyar masu mashin, kuma sulhu alheri ne, ya fi sauri ya fi sauƙi kuma ana rabuwa da mutunci. Amma a nan ne aka fi cutar marasa ƙarfi, don kunya. Ana zama manya sun cika wuri, a ce kai yanzu nawa kake so, sai mutum ya sunkuyar da kai ya ce duk abin da aka bayar. Kar ka je kai kaɗai, ka tafi da wani babba naka mai iya magana, kuma ka je da lissafinka a rubuce: abin da aka kashe a magani, abin da likita ya ce ya rage kamar cire ƙarfe ko gashin ƙashi, gyaran mashin, kayan da suka lalace, da kwanakin da ka yi ba ka fita nema ba. In mashin ɗin na wani ne kana kai balas kullum, ko biya kake a hankali, wannan ma asara ce a sa ta. Duk abin da aka amince a rubuta, da sunaye da lambar mota da kwanan wata, nawa aka bayar nawa ya rage yaushe za a cika, kowa ya sa hannu da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Kuɗi ta banki ya fi, don alat shaida ne. In har yanzu kana jinya a rubuta ƙarara cewa wannan kuɗin na maganin da aka yi zuwa yau ne, magana ba ta rufu ba. Takardar da ke cewa ka karɓa ka janye duk wani haƙƙi har abada, kar ka sa mata hannu sai likita ya gama da kai.

Wannan jiran ma ba baƙon abu ba ne a addini. Duk wanda ya karanta Risala ya san an ce ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke, don sai lokacin ake sanin ko ya bar naƙasa. A cikinta ne kuma aka ce mai kora dabba da mai janta da wanda ke kanta suna lamunin abin da ta taka, malaman zamani da yawa a kan wannan suka ɗora hukuncin direba. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce ko dinari 1000 na zinare, hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya ko ido ɗaya rabin diyya, yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Kimarta a naira tana bin farashin zinare ne, hukumomin zakka kan fitar da lissafin lokaci zuwa lokaci. Na kawo wannan ne don mutum ya daina jin kamar ya yi rashin tawakkali in ya nemi a biya shi. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ita ta ajiye diyya a kisan kuskure, ita ce kuma ta ba iyalan mamaci damar su yafe in sun so, kaffarar azumin wata biyu a jere kuma tana kan wanda ya yi kisan ko an yafe masa kuɗin.

Akwai abin da ke ci min rai a nan. Magidanci ya rasu a hatsari, ranar sadakar uku mai mota ya zo da mutanensa da buhun shinkafa, sai wani baffa ko yaya ya miƙe a gaban jama'a ya ce mun yafe duniya da lahira, a yi ta sa masa albarka. Matar tana cikin ɗaki tana takaba ba wanda ya leƙa ya tambaye ta, ga marayu ƙanana. Diyya gado ce, ta magada ce, kowa rabonsa yake da ikon yafewa. Kafin wani ya buɗe baki a kan rabon yaran da ba su balaga ba a je a tambayi malami ko alƙali.

In sulhu ya ƙi, sai kotu. Ka sani ƙarar da 'yan sanda ke kaiwa ta tuƙin ganganci daban take da taka ta neman diyya, duk da alƙalin waccan ma na iya umartar a biya wanda aka cuta, don haka ka gaya wa mai gabatar da ƙara asarar da ka yi ka ba shi kwafin rasitai, asalin kuma ya zauna a hannunka. Wace kotu za ka je, ta Musulunci ko majistare ko babbar kotu, ya danganta da jiharku da yawan kuɗin da kuma su waye a cikin shari'ar, lauya ne zai faɗa maka a zama ɗaya. In ba ka da kuɗin lauya ka nemi ofishin Legal Aid Council, hukumar da ke taimaka wa marasa ƙarfi da lauya, a babban birnin jiharku ka kai kukanka. Kar dai ka bari lokaci ya ja, kowace jiha na da wa'adin shigar da irin wannan ƙara, in ya wuce ko kana da gaskiya ba za a saurare ka ba. Wanda ya fi haɗari shi ne in motar gwamnati ce ta buge ka tana kan aiki, akwai dokar da ke kare jami'an gwamnati da ta ba da wata 3 kacal, kuma daga ranar da abin ya faru ake fara ƙirgawa, don haka ko kana kwance a gadon asibiti ka tura ɗan'uwanka ya ga lauya a satin farko, ya tafi da lambar motar da hotunan da kwafin katin asibiti.